Sararin Saman Fadamar Haɗejiya: Wa Zai Zauna a Zauren Rubuta Doka?

Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925, da jirage uku na sojojin saman Ingila suka sauka a Kano, harkar jirgin sama a ƙasar nan ta kasance ta gwamnati da manyan kamfanoni. Talaka nasa kallo ne: ya ɗaga kai ya ga wucewar jirgi, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Yau zance ya sauya. Saurayin da ke ɗaukar bidiyon biki da hawan salla a Haɗejiya yana yawo da jirgi maras matuƙi a jakarsa. Mai awon ƙasa yana da nasa, malamin gona yana neman nasa, mai noman shinkafa kuma ya fara tambayar nawa ake feshi da shi. Dukkansu sun shiga sararin da doka ta damƙa kulawarsa ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa idan za a rubuta ƙa'idojin da waɗannan ƙananan matuƙa za su bi, dole ne a ba su kujera ta hannun ƙungiyarsu, a ji ta bakinsu. Wasu kuma na cewa sararin sama ba wurin ciniki ba ne, a bar wa hukuma da jami'an tsaro su yanke, kowa ya bi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan takaddama

Mutanen farko da suka fuskanci wannan tambaya su ne matuƙan balan-balan mai tashi da zazzafar iska. A ranar 21 ga Nuwamba, 1783, mutum biyu suka tashi a birnin Paris cikin balan-balan ɗin da 'yan'uwan nan na gidan Montgolfier suka ƙera. Ba a cika shekara ba, a watan Afrilun 1784, 'yan sandan birnin suka hana kowa tashi sai da izini, don tsoron kada wutar da ake hurawa a ƙarƙashinsa ta faɗa kan rufin gidajen jama'a. Masana da dama suna ɗaukar wannan umarni a matsayin dokar sararin sama ta farko a duniya.

Wanda ya ga yadda ake tuƙa balan-balan zai gane dalilin da ya sa matuƙansa suka dage sai an saurare su. Ƙaton buhu ne na yadi mara nauyi, da saƙaƙƙen kwando a rataye a ƙasansa, da tukwanen gas. Matuƙi ya murɗa wuta ta yi ruri, iskar cikin buhun ta yi zafi, sai ya ɗaga. Ya sassauta, iskar ta huce, sai ya yi ƙasa. Ba shi da sitiyari, ba shi da injin turawa. Idan yana son karkata gabas, sai ya hau ko ya sauko yana laluben tsayin da iska ke kaɗawa gabas. Da sassafe ko da yamma lis yake tashi, lokacin da iska ta lafa, kuma bai san takamaimai gonar wa zai sauka ba, shi ya sa mota ke bin sa a ƙasa. Dokar da aka rubuta don jirgi mai titin tashi da na sauka ba za ta zauna daidai a kan irin wannan ba. Saboda haka suka kafa ƙungiyoyi: ta Amurka a 1961, ta Birtaniya a 1965. A 2018 Tarayyar Turai ta fitar da kundin ƙa'idoji na balan-balan shi kaɗai, wanda aka tsara tare da masu sana'ar.

A fadamar Haɗejiya ba a tuƙa balan-balan, amma mai ƙaramin jirgi maras matuƙi yana tsaye daidai inda matuƙin balan-balan ya tsaya: ƙarami ne a cikin manya, yana tashi ƙasa-ƙasa a kan gonakin mutane, kuma dokar da ya tarar ba don shi aka fara rubuta ta ba.

Hujjar masu cewa a ba su kujera

Hujjarsu ta farko ita ce abin da ya riga ya faru. A watan Mayun 2016 NCAA ta sanar da haramta tashin jirage marasa matuƙa sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Sharuɗɗan da aka gindaya wa mai son yin sana'a da su a lokacin sun haɗa da kamfani mai jarin naira miliyan 20 da kuɗin neman izini naira 500,000 waɗanda ba a mayarwa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: wane saurayi ne a Auyo ko Malam Madori zai iya cika wannan? Da an zauna da ko mutum ɗaya daga cikinsu, da ya faɗa wa masu rubutun cewa sharaɗin da ya fi kuɗin jirgin kansa tsada ba zai hana tashi ba, sai dai ya hana rajista. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne an samu ci gaba daga baya: an yi sabuwar dokar sufurin jiragen sama a 2022, kuma a ƙa'idojin 2023 an keɓe wa waɗannan jirage sashe nasu na kansu. Amma suna cewa shekarun da aka ɓata a tsakani su ne farashin rashin tuntuɓa.

Hujja ta biyu ita ce yanayin fadamar kanta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa a kogin Haɗejiya suka sauya. Kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama makwancin jan-baki. Wanda ya ratsa gonakin shinkafa a Guri ko Kirikasamma lokacin da ta fara nuna ya san aikin da wannan tsuntsu ke sa mutane. Tun kafin gari ya waye yara suna kan rumfar da aka kafa a tsakiyar gona. An ja igiyoyi daga rumfar zuwa kusurwoyin gonar, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki da tsummokaran leda. Garke ya taso kamar hayaƙi, yaro ya fizgi igiya, ya kwarma ihu, ya wurga majajjawa. Tsuntsun ya tashi ya faɗa gonar maƙwabci, can ma a kore shi, ya dawo. Haka za a wuni har magariba, kullum, har a yi girbi, makaranta kuwa sai bayan an kai amfani gida. Kowane tsuntsu ɗaya yana cin hatsi kusan giram 10 a yini, garke mai miliyan biyu kuwa yana iya lashe tan 20.

Wahalar yaƙi da jan-baki ita ce gano inda yake kwana, domin tsakiyar kachala ba ta shiguwa da ƙafa, kwale-kwale ma da ƙyar. Ƙaramin jirgi mai kyamara yana iya bin garken da yamma ya nuna makwancin. Haka nan a lokacin ambaliya, irin wadda ta yi wa Jigawa ɓarna a 2018 da 2020 da 2022, yana iya nuna inda jinga ta fara tsagewa da ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya. Duka waɗannan ayyuka ne na yau-yau. Izinin da zai ɗauki makonni yana yawo a ofisoshin Abuja zai iso bayan tsuntsu ya gama da gona, ruwa ya gama da gari. Masu wannan ra'ayi suna cewa ma'aikacin da bai taɓa tsayawa a bakin jinga a watan Satumba ba, ba zai san haka ba sai an gaya masa, kuma ba mai gaya masa sai wanda aka ba damar magana.

Hujja ta uku ta adalci ce. Kamfanonin jiragen fasinja suna da ƙungiyarsu, AON. Matuƙa da injiniyoyin manyan jirage suna da tasu, NAAPE. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin Ruwanda da jirage marasa matuƙa a 2016, ya samu damar fara kai magunguna a jihar Kaduna a 2022, domin yana da jari da lauyoyi da gwamnatin jiha a bayansa. Babu laifi a nan. Amma idan manya kaɗai ke da bakin magana, ƙa'ida za ta fito daidai da aljihun manya, aikin fadama kuma ya koma hannun 'yan kwangila daga nesa, ɗan gari yana kallo.

Hujjar masu cewa a bar wa hukuma

Ɗaya ɓangaren yana farawa ne da tsaro, kuma ba da wasa yake kawo shi ba. A ƙarshen 2024 mayaƙan ISWAP suka fara kai wa sansanonin soja hari a Borno da ƙananan jirage irin na kasuwa waɗanda aka ɗaura wa abin fashewa. A farkon 2025 rundunar soja ta Haɗin Kai ta haramta tashin jirage marasa matuƙa a yankin da take aiki na Arewa maso Gabas. Jihar Yobe tana cikin yankin, kuma dausayin Haɗejiya da na Nguru abu ɗaya ne, iyakar jiha ce kawai ta ratsa shi. Jirgin da ke neman makwancin tsuntsu shi ne dai jirgin da zai iya leƙen barikin soja ko ayarin matafiya. Masu wannan ra'ayi suna cewa akwai bayanan da jami'an tsaro ke gani waɗanda ba za a baje su a gaban 'yan kasuwa ba, don haka ba za a iya yin muhawara a kan kowane sharaɗi ba. Suna ƙarawa da cewa tun bayan abin da ya faru a Tudun Biri a watan Disambar 2023, inda harin jirgin soja maras matuƙi ya hallaka masu taron Mauludi da dama, mutumin ƙauye yana jin ƙugin abu a sama gabansa ke faɗuwa. Yawaitar jirage barkatai zai ƙara masa firgici.

Hujjarsu ta biyu daga tarihin balan-balan ɗin kansa suka ɗauko ta. Shekara da shekaru matuƙin balan-balan a Amurka, ko da fasinja yake ɗauka don kuɗi, ba a neman takardar likita daga gare shi, saɓanin matuƙin jirgi. A 2014 hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ba da shawarar a ƙara sa ido a kan masu wannan sana'a, hukumar jiragen sama ba ta ɗauka ba. Ranar 30 ga Yuli, 2016, wani balan-balan ya ci karo da wayoyin wutar lantarki kusa da garin Lockhart a jihar Texas, mutum 16 da ke ciki suka mutu gaba ɗaya. Bincike ya nuna matuƙin yana fama da rashin lafiya, kuma akwai magunguna masu dusashe hankali a jikinsa. Ƙungiyar matuƙan ta fito da tsarin tantance kai na ganin dama, amma wanda bai shiga ƙungiya ba tsarin bai shafe shi ba. Sai da majalisar dokoki ta sa baki a 2018, sannan a 2022 aka wajabta takardar likita. Kafin wannan, a watan Fabrairun 2013, wani ya kama da wuta a Luxor ta ƙasar Masar, mutum 19 suka rasu. Darasin a wajensu a fili yake: ƙungiya tana kare 'ya'yanta ne, kuma duk sharaɗin da zai ci musu kuɗi za ta ce bai zama dole ba, har sai an yi asarar rai.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi taɓa ni. Suna tambaya: idan an ba mai jirgi kujera, ina kujerar wanda jirgin ke bi ta kansa? Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sutura. Katanga tana tare ido, zaure yana tsayar da baƙo, ba ya wucewa sai da sallama da izini. Amma tsakar gida a buɗe take ta sama, nan mata ke daka da girki da wanki ba lulluɓi. Kyamarar da ta bi ta sama ta tsallake katanga da zaure gaba ɗaya. Ga makiyayi da garkensa zai iya watsewa ya faɗa gonar wani, rigimar da ake gudu ta tashi. Ga masunci da ke tsoron maganin feshi ya sauka a ruwan da yake kamun kifi, ga mai kama jan-bakin da raga yana soyawa yana sayarwa. Maganin da aka daɗe ana fesa wa wannan tsuntsu, fenthion, guba ce da ba ta tantance jan-baki da sauran tsuntsaye. Dausayin Baturiya kuwa, wanda aka sa cikin jerin wuraren yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar a 2008, masauki ne na tsuntsayen da ke tasowa daga Turai duk shekara. Waɗannan duka ba su da wakili a ƙungiyar masu jirgi. Hukuma ce kaɗai aka ɗora wa kare kowa, don haka kada a bari ɓangare ɗaya ya fi kusa da kunnenta.

Suna kuma tuna mana halin wasu ƙungiyoyin sana'a a ƙasar nan: a kafa su don kare 'yan sana'a, a wayi gari sun koma yankan rasit da rabon muƙami, shugabanninsu suna Legas da Abuja, ɗan Haɗejiya bai san da su ba sai ranar karɓar kuɗi.

Idan aka auna

Na ɗora hujjojin nan a ma'auni, na ga ɓangarorin biyu suna amsa tambayoyi biyu ne mabambanta. Na farko yana magana a kan wa za a saurara. Na biyu yana magana a kan wa zai yanke hukunci. Haɗarin Lockhart ya tabbatar da cewa kuskure ne hukuma ta sallama aikinta ga ƙungiya. Bai nuna cewa kuskure ne ta saurari ƙungiya ba. Kundin Turai na 2018 ya nuna ana iya zama da masu sana'a a fitar da ƙa'idar da ta dace da su, alhali ikon hukunci yana hannun hukuma.

Hujjar tsaro ma, idan aka bi ta a hankali, tana ƙarfafa batun tuntuɓa. Ɗan ta'adda ba ya neman izini, tsaurin sharaɗi bai dame shi ba. Wanda sharaɗi mai tsauri ke kora shi ne mai gaskiyar da ya so a san da shi. Idan rajista ta yi sauƙi kuma ta yi kusa, jami'in tsaro a Haɗejiya zai san jirage nawa ne a garin, na wane ne, wane aiki suke yi, kuma duk baƙon da ya tashi za a gane shi nan take. Idan ta yi tsada ta yi nisa, kowa zai tashi a ɓoye, mai gaskiya da mugu su cakuɗe. Wuraren da tsaro ya hana a tashi kuwa, a hana ɗin, ba sai an faɗi dalili ba. Abin da ake buƙata shi ne a faɗi iyakarsu a fili.

Amma masu adawa sun yi gaskiya a kan mutanen ƙasa, kuma duk tsarin da ya manta da su bai cika ba. A nan ma matuƙan balan-balan suna da abin koyarwa. Ƙungiyarsu ta Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar ladabin aiki da ƙungiyar manoman ƙasar, tana kuma ajiye taswirar gonakin da ke da dabbobi masu firgita, inda ake umartar matuƙi ya yi sama sosai ko kada ya sauka. Sun gane cewa sana'arsu ba za ta ɗore ba sai da yardar mai gona.

Don haka ra'ayina shi ne a ba su kujera, amma da sharuɗɗa uku.

Na farko, kujerar ta shawara ce. Duk lokacin da NCAA za ta gyara ƙa'ida, ta fitar da daftarin, har da fassarar Hausa, ta ba da wa'adi, ta zo Kano ko Dutse ta saurara, sannan ta yanke abin da ta ga ya dace, ta bayyana dalilin karɓa ko ƙin abin da aka kawo mata. Ƙa'idar kuma ta bambanta jirgin da bai kai nauyin wayar hannu biyu ba da wanda ke ɗauke da jarkar maganin feshi, kamar yadda ƙasashe da dama suka sa iyakar nauyi ta giram 250 da iyakar tsayi ta mita 120.

Na biyu, ƙungiyar ta biya kuɗin kujerarta da aiki. Ta riƙe sunayen 'ya'yanta da lambobin jiragensu, ta tabbatar sun samu horo, ta kai rahoton duk haɗari ko da ba wanda ya gani, ta kori wanda ya leƙa gidan mutane. Wuraren horo ba su yi nisa ba: ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa tun 1964, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Abin da ya shafi rai kuwa, irin feshin guba da tashi a kan taron jama'a, ya zama wajibi a doka, kada a bar shi ga ganin dama.

Na uku, a kafa zaure na biyu a nan gida. Abuja za ta iya faɗin tsayin da jirgi zai kai, amma ba za ta san ranar da masunta ke shiga wani tafki ba, ko burtalin da shanu ke bi idan ruwa ya janye. Wannan aikin Masarautar Haɗejiya ne da gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, tare da sarakunan ruwa, da arɗo-arɗo, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na aikin noman rani na Auyo da aka buɗe a 2023, da wakilan mata. Su za su shata inda ba a bi, su tsara yadda za a sanar da mai unguwa kafin a tashi, da inda mai ƙorafi zai kai kuka.

Jiragen nan sun riga sun iso, kuma kullum araha suke ƙara yi. Amurka sai da ta binne mutum 16 kafin ta gyara dokarta. Mu muna da damar gyara tamu tun ba a yi asara ba, kuma matakin farko yana hannun matasan da ke da jiragen: su haɗu, su rubuta sunayensu, su je fada da ofishin 'yan sanda su gabatar da kansu, sannan su rubuta wa NCAA suna neman a saurare su. Wanda ya fara da nuna zai ɗauki nauyi, shi ne ake wahalar hana wa kujera.